Jirgina na ɗaga goshi kafin ya hau ruwa: laifin tirim ne ko na farfela?

Ɗan_Sarkawa: Assalamu alaikum matuƙa da makanikai. Wata matsala ce ta ishe ni, na ce bari in kawo ta nan. Wata uku ke nan da na sayi jirgin fiba na hannu mai tsawon ƙafa 23, aka ɗauko mini shi daga Legas a bayan tirela. Injinsa Yamaha ne mai doki 85, irin wanda ake ɗagawa da saukewa da maɓalli, abin da ake kira tirim. A Yauri nake ɗaukar fasinja, ranar kasuwa kuma har da kaya. In mutum uku ko huɗu ne a ciki, lafiya lau. Amma da zarar na cika shi na tura totur, sai goshin ya miƙe sama kamar dokin da ya ga maciji, gindin ya nutse, in daina ganin gabana gaba ɗaya. Haka za mu yi ta jan ruwa, inji na kuka, mata na salati, har sai Allah ya sa ya kwanta. Wani lokaci sai na sa yaron jirgi ya rarrafa ya koma can ƙarshen goshi. Kawuna da ya shekara 30 yana tuƙa jirgin katako ya ce in ɗaga injin tun daga tashi, wai nan gudun yake. Na gwada, abin ma kamar ƙaruwa ya yi. To a ina ya kamata inji ya kasance lokacin tashi? Ko kuwa injin ne ya yi wa jirgin kaɗan?

Bala_Makanike: Wa alaikumus salam. Injin bai yi kaɗan ba. Kafin ka taɓa totur, danne maɓallin ƙasa har ƙafar injin ta shige jikin jirgi, ka ji kukan famfon ya canja. Sannan ka ba shi wuta. In ya hau ruwa, wato ya taso yana gudu a saman ruwan, goshi ya sauko, a lokacin ne za ka fara ɗagawa kaɗan-kaɗan. Kawu bai yi ƙarya ba, maganin tsakiyar tafiya ne ya ba ka a bakin gaɓa.

Baba_Mai_Jirgi: To fa. An fara gyara wa manya magana. Ni ina yaro aka cika tafkin Kainji a 1968, a idona ruwa ya cinye tsohuwar Busa, kuma tun daga nan ban bar ruwan nan ba. Injin da aka danne ƙasa noma yake sa jirgi ya yi da goshi, ya sha mai a banza. Mu ƙarfen nan na baya da ƙafar inji ke jingina a kansa, a rami na uku muke sa shi, mu manta da shi har shekara ta zagayo.

Bala_Makanike: Allah ya ja kwana Baba, ba gyara ba ne. Naku na katako ratsa ruwa yake yi, ba ya hawa kansa. A gare shi rami na uku daidai ne. Na yaron nan wani abu ne daban.

Injiniya_Fatakwal: Bari in sa baki, don in aka gane dalilin ba sai an haddace komai ba.

Jirgin katako irin na Baba, ruwan da ya ture ne ke ɗauke da nauyinsa, ko yana tsaye ko yana tafiya. Jirgin fiba mai shimfiɗaɗɗen ciki kuwa, in ya kai wani gudu, ruwan da ke dukan cikinsa ne ke ɗaga shi, kamar yadda yara ke wurga tsingaro a kogi ya yi ta tsalle a saman ruwa. Amma kafin ya kai can akwai tudun da sai ya haye, kuma shi da kansa ya gina tudun. Duk jirgin da ke tafiya yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa. Gudu na ƙaruwa, tazarar da ke tsakanin wannan igiyar da mai bi mata na ƙaruwa, har ta kai tsawon jirgin. A nan ne gindi ke faɗawa cikin kwarin, goshi kuma na bisa tudun. Wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, shi ya fara auna wannan da ƙananan jirage a tafkin gwaji tun wajen 1870. Ga jirgin da tsawonsa a kan ruwa ya kai ƙafa 21, kamar naka, tudun na farawa ne wajen kilomita 11 a awa. Duk wahalar da kake sha tana tsakanin nan ne da wajen kilomita 25, gwargwadon lodinka.

Yanzu ka dubi farfela. In ƙafar inji ta shige ciki, farfela na watsa ruwa baya da ɗan ƙasa, sai ta tura gindin jirgi sama, goshi ya sunkuya. Ka taimaki jirgin ke nan ya haye tudu. In ka ɗaga inji, ruwan baya da sama yake fita, gindi ya ƙara nutsewa. Wato lokacin da ka bi shawarar kawu, kai da kanka ka ƙara wa tudun tsawo.

Bayan ya hau, lissafi ya juya. Abin da ke cin ƙarfin inji yanzu shi ne gogayyar ruwa da cikin jirgi. In ka bar injin a danne, rabin jirgin na jiƙe, abin da Baba ya kira noma ke nan, kuma gaskiyarsa ce. Daniel Savitsky na cibiyar Stevens da ke Amurka ya fitar da lissafin wannan a 1964, har gobe masu zana irin waɗannan jirage da shi suke aiki. A taƙaice, jirgi mai hawa ruwa ya fi sauƙin tafiya in goshinsa ya ɗago da kamar digiri 3 zuwa 5. Ƙasa da haka gogayya ta yi yawa, sama da haka kuma yana tura ruwa da ƙirji.

Direban_Ikorodu: Injiniya an gode, amma wa zai tsaya auna digiri 4 da fasinja 12 a baya suna cewa direba yi sauri? Ni ga ma'aunina. Ina duban inda feshin ruwa ke fita a gefen jirgi. In yana fita a gaba kusa da goshi, inji ya yi ƙasa da yawa. Ina ɗagawa, feshin na ja da baya, in ya iso daidai kujerata ko ɗan bayanta sai in saki maɓalli. Sitiyari ma zai gaya maka, sai ka ji ya yi sakayau a hannu.

Injiniya_Fatakwal: Abu ɗaya muke faɗa. Naka ma ya fi nawa amfani a kan ruwa.

Ɗan_Sarkawa: Na gode ƙwarai. Amma ta yaya zan san na wuce gona da iri wajen ɗagawar?

Direban_Ikorodu: Ai ba sai an gaya maka ba, jiki magayi. Ko dai jirgin ya fara sukuwa, goshi na tashi na faɗuwa ba tare da wata igiyar ruwa ba, ko kuma ka ji inji ya yi ƙara farat ɗaya alhali gudu bai ƙaru ba. Wannan farfela ce ta sha iska. Duk wanda ka ji a cikinsu, danna ƙasa sau ɗaya ko biyu. Kuma kada ka riƙe maɓallin ka yi ta dannawa, taɓa ka saki, ka ba jirgin ɗan lokaci ya amsa.

Bala_Makanike: Ƙari a kan wannan: idonka na kan fitsarin inji, siririn ruwan nan da yake tsartuwa in ruwan sanyaya shi na zagayawa. Ramukan da ke shan ruwan sanyaya inji a ƙafar suke, in ka ɗaga ta da yawa za su fara shan iska. Fitsari ya yi rauni ko ya ɗauke, sauke nan take. Na sha kwance injin da fistin ya narke saboda mai shi na jin daɗin ganin ruwa na tashi sama a baya kamar jelar zakara. Wannan jelar kuɗin manka ne kake watsawa sama.

Hajiya_Mai_Banda: Ni ba matuƙiya ba ce, amma shekara 15 ina shiga jirgi da kwandunan kifi. Ku direbobi ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya tashi sai ya ce Hajiya koma gaba, Hajiya matsa gaba. Can gaban ne ake shan duka, ƙugu ya yi ciwo, feshi ya jiƙa mini banda. Kifin da ya sha ruwa kuwa wa zai saya? Yanzu na ji ashe da maɓalli ma ana gyara abin, mu ake wahalarwa kawai.

Ɗan_Sarkawa: Hajiya a yi haƙuri, rashin sani ne.

Bala_Makanike: Hajiya maɓalli ba ya yin komai da komai. In an tara nauyi a baya, ko an danne inji har ƙarshe ba zai isa ba. Amma kina da gaskiya a abu ɗaya, ba mutane ya kamata a riƙa kora gaba ba, kaya ne. Ɗan_Sarkawa, jarkokin manka nawa, kuma ina kake ajiye su?

Ɗan_Sarkawa: Huɗu ne, masu lita 25, duk suna baya kusa da inji don tiyo ya kai. Batir ma yana nan. Sai ni da yaro.

Bala_Makanike: Ka ji ko. Kowace jarka cike da fetur ta haura kilo 18. Huɗu sun wuce kilo 70, ga batir, ga inji da ya haura kilo 100, ga ku biyu. Bar jarka ɗaya da kake sha a baya, ukun su koma tsakiya. Buhunan hatsi su ma tsakiya zuwa ɗan gaba, a ƙasa, a ɗaure. Hajiya da bandarta su zauna inda ba duka.

Hajiya_Mai_Banda: Allah ya yi maka albarka.

Zongo_Yeji: Gaisuwa daga Gana. Mu a tafkin Volta wannan shawarar ta a danne inji ƙasa a tura wuta tana da haɗari. Tun da aka rufe madatsar ruwa ta Akosombo ruwa ya cinye daji, itatuwan na nan tsaye a ƙarƙashi. In ruwa ya ja baya kututture na nan ƙasa da kamu ɗaya, ba ka ganinsa. Ka danne ƙafar inji ka tashi da ƙarfi a irin wurin nan, gindi ya ƙara nutsewa, sai dai ka ji ƙas, farfela ta tafi. Mu sai mun fita a hankali da inji a ɗage har mu kai hanyar da muka sani.

Baba_Mai_Jirgi: Yauwa, ga wanda ya san ruwa. Kainji ma haka take. Wanda bai san inda kututture yake ba, da inda yashi ke tashi in baƙin ruwa ya janye, ko ya haddace littafin Bature bai iya tuƙi ba. Ga burugu ga kainuwa da ke naɗe farfela.

Injiniya_Fatakwal: Ba na musu da ku. A ruwa maras zurfi a fita a hankali, inji a ɗage, ido kan fitsari. Sai an kai mai zurfi a sauke shi a tashi. Abin da ba a yi shi ne a ba inji cikakkiyar wuta yana ɗage sosai, don a can sama ƙarfen da ke riƙe da shi ba a yi shi don ɗaukar wannan turin ba.

Sani_Farfela: Kowa na maganar tirim, ba wanda ya tambayi abin da ke taɓa ruwan. Malam Ɗan_Sarkawa, duba jikin farfelarka, akwai lamba. Karanto mana. Sannan in jirgi na cike, ka ba shi wuta duka, agogon juyi nawa yake nunawa?

Ɗan_Sarkawa: Na duba da tocila yanzu. An rubuta 13¼ x 17. Agogo kuwa in na cika bai taɓa wuce 4,300 ba.

Sani_Farfela: To ga ɓarawonka. Lambar farko faɗin farfela ce a inci, ta biyu kuma takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Wannan injin an yi shi ne ya juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti in an ba shi wuta duka. Kai kana ƙasa da hakan, kamar mai hawa tudu da lodi a giya ta huɗu. Kowane inci ɗaya da ka rage a taku yana ƙara maka juyi kamar 150 zuwa 200. Sa mai 15, irin 13½ x 15, za ka koma wajen 4,600 ko 4,700, tashi kuma zai zo da wuri. Wanda ya sayar maka wataƙila mutum biyu yake ɗauka yana yawon shan iska, shi 17 ta yi masa daidai.

Direban_Ikorodu: Amma fa ka gaya masa gaskiya, ranar da ya fita babu lodi gudun ƙarshe zai ragu, kuma ya kula kada agogo ya haura 5,500.

Sani_Farfela: Gaskiya ne. Ya ajiye ta 17 a ƙarƙashin kujera. Dama wanda ke ruwan kututture bai kamata ya fita da farfela ɗaya ba. In da hali ma mai kunne huɗu ta fi riƙe ruwa lokacin tashi da lodi, sai dai tana ɗan rage gudun ƙarshe.

Bala_Makanike: Sani kai dai kowace cuta maganinta a shagonka yake. Bari yaro ya fara gwada abin da ba ya cin kuɗi. Tirim kyauta ne, matsar da jarka kyauta ce. Kuma ai 4,300 ɗin nan ba mu san a wane tirim ya karanta ta ba. Inji a danne kaɗai yana iya cinye juyi ɗari biyu ko uku.

Sani_Farfela: Ya ce a ɗage yake tafiya tun da kawu ya ba shi shawara.

Bala_Makanike: A ɗage yadda bai sani ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu_Lagdo: Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Ina kamun kifi a tafkin Lagdo kusa da Garwa, injina mai doki 40 ne na hannu, ba maɓalli, sai ƙarfen nan mai ramuka da Baba ya ambata. Ni yaya zan yi wannan saukewa da ɗagawa?

Bala_Makanike: Ba za ka iya yi a cikin tafiya ba, zaɓi ɗaya za ka yi kafin ka tashi. In da lodi, sa ƙarfen a ramin da ya fi kusa da jirgi ko mai bi masa. In kai kaɗai ne, matsar da shi rami ɗaya waje. Sauran aikin da jikinka da kayanka za ka yi shi: lokacin tashi abokin aikinka ya matsa gaba, in ya hau ruwa ya dawo tsakiya. Wasu na ɗaura wa farantin da ke saman farfela fiffike na roba, yana taimakawa wajen ɗaga gindi.

Direban_Ikorodu: Fiffiken nan ni ban yarda da shi ba. Na taɓa sa shi, tashi ya yi kyau, amma a kwana sai jirgin ya riƙa kwantawa gefe ta yadda ban saba ba. Na cire, ga ramuka huɗu an bar mini a faranti.

Injiniya_Fatakwal: Tun da an ambaci farantin nan, Ɗan_Sarkawa ka duba tsayin da aka ɗaura injin. Jirgi na kan tudu, ka miƙar da inji tsaye, ka ɗora doguwar sanda a ƙarƙashin cikin jirgi ta fito baya. Farantin ya kamata ya zo daidai da sandar ko kusa da haka. In ya yi ƙasa sosai ƙafar na jan ruwa a banza, in ya yi sama sosai farfela za ta riƙa shan iska da ka ɗan ɗaga ko ka sha kwana. Ƙafar inji akwai mai inci 15, akwai 20, akwai 25, kuma jirgin hannu ba lallai ne ya zo da injin da aka yi shi dominsa ba.

Sannan a daina haɗa abu biyu. Shan iska daban, tafasa daban. Shan iska shi ne iska ta shigo daga saman ruwa. Tafasa kuwa matsi ne ke raguwa a bayan kunnen farfela har ruwan ya zama kumfa, kumfar ta fashe a jikin ƙarfe ta yi ta cinsa. In ka ga kunnuwan da ƙananan ramuka kamar zanzana, ita ce, kuma sau da yawa lanƙwasasshen bakin kunnen ne ke jawo ta.

Mai_Walda_Warri: Jirgin daga Legas ya zo ko? Kafin ku kashe yaro da lissafi, a ja jirgin tudu, a ɗaga goshinsa sama, a kwance toshiyar da ke can ƙasan baya. Irin waɗannan jiragen akwai sarari tsakanin daɓen da ake takawa da ainihin cikin jirgi. Na taɓa buɗe wani, ruwan da ya fito ya cika jarka shida, har da wari. Mai shi ya canja farfela sau biyu yana zagin inji. Kuma ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya, kana tashi duk sai ya gangara baya, daidai inda ba a son nauyi. A kuma shafa cikin jirgin da hannu, jirgin da ya daɗe a ruwan gishiri ƙananan katantanwa na manne masa, ya zama kamar magogi.

Ɗan_Sarkawa: Wallahi ban taɓa sanin akwai wata toshiya a ƙasa ba. Gobe in sha Allahu.

Yaro_Dijital: Duk wannan wahalar ta kusa zama tarihi. Kamfanin Mercury na da na'urar da suke kira Active Trim, tana karanta gudun jirgi daga tauraron ɗan adam, ita ke sauke inji lokacin tashi ta ɗaga shi in an hau. Akwai kuma faranti biyu da ake ɗaurawa a bayan jirgi hagu da dama, irin na Bennett da Lenco, suna danna ruwa ƙasa su ɗaga gindi, har jirgin da ya karkata gefe suna miƙar da shi. 'Yan Suwidin kuma, Humphree da Zipwake, nasu wata 'yar wuƙa ce ke leƙowa ƙasa kaɗan ta tare ruwan, kwamfuta na sarrafa ta.

Baba_Mai_Jirgi: In ta lalace a tsakiyar tafki, tsakanin Yauri da tsibirin Foge, sai ka kira tauraron ya zo ya gyara.

Direban_Ikorodu: Baba ka gama da shi. Ni abin da zan tambaya, na'urar na ganin igiyar ruwa? Don ba kullum ake neman gudu ba. In iska na gabanka ruwa ya tashi, sauke inji za ka yi goshi ya riƙa yanka ruwan, in ba haka ba fasinja su karye. In igiyar na bayanka kuwa ɗaga shi kaɗan, don in goshi ya soke cikin ta gaba jirgi na iya juyawa gefe kafin ka ƙifta ido. Wannan ido ne da hannu. Haka a kwana mai tsanani, ɗan sauke kafin ka shiga.

Yaro_Dijital: Ai tana da maɓallin kashewa, kuma da ka taɓa naka na hannu ita ke ja da baya. Ban ce ta maye gurbin direba ba.

Malam_Ngaski: Ku yi mini afuwa, ina karantawa tun farko raina bai kwanta ba. Ana ta koya wa yaro yadda zai tashi da sauri da lodi, ba wanda ya tambaye shi mutum nawa yake ɗauka. Mu nan ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, hatsarin jirgin ruwan da ya ci rayuka da yawa a Warrah, gidaje da yawa har yau ba su dawo daidai ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wani lokaci jirgin da ya ƙi hawa ruwa gaya maka yake yi an yi masa yawa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar ruwa, amma je bakin gaɓa ranar kasuwa ka gani.

Ɗan_Sarkawa: Allah ya jiƙansu da rahama. Malam mutum 10 nake ɗauka, ranar kaya kuma 7. Rigunan ruwa 8 gare ni, zan cika sauran, na ɗauki wannan.

Injiniya_Fatakwal: Amin. Maganar Malam tana kan hanya, amma saurin hawa ruwa shi ma tsaro ne. Duk daƙiƙar da goshi ke sama direba makaho ne, bai ga kwale-kwalen masunci ba, bai ga raga ba. Kuma a lokacin ne allon baya, inda aka ɗaura inji, ya fi kusa da ruwa. Wanda ya saki totur farat ɗaya a wannan hali, igiyar da ya tayar ita za ta biyo shi ta shigo ta baya.

Hajiya_Mai_Banda: Wannan kam na gani da idona, har ɗankwalina ya jiƙe.

Ɗan_Sarkawa: Salam, na dawo da labari. Mun ja shi tudu da safe, ni da yara shida. Mai_Walda, Allah ya saka da alheri: ruwan da ya fito ya kusa cika jarka uku. Farantin kuma na auna da gora, yana ƙasa da cikin jirgi da kamar yatsa biyu. Da rana na samu mutum 9, na ba yaro wayata ya riƙa ƙirga lokaci. Yadda na saba, inji a rabin ɗage, daƙiƙa 21 kafin ya kwanta. Na tsaya na danne shi ƙasa gaba ɗaya, 12. Muka matsar da jarkoki uku tsakiya, 9. Goshin ma bai rufe mini gaba ba. Da ya hau na riƙa taɓa maɓalli ina sakewa kamar yadda Direba ya ce, feshi na ja baya, agogo ya kai 4,500, waya na nuna kilomita 45. Na ƙara taɓawa biyu sai sukuwa ta fara, na mayar. Kawu na cikin jirgin, bai ce komai ba, da muka sauka dai ya ce ruwan da aka zubar ne ya yi aikin.

Baba_Mai_Jirgi: Kawunka mutum ne mai hankali.

Bala_Makanike: Baba ai bayan an zubar da ruwan ne ya samu 21 ɗin. Daga 21 zuwa 12 maɓalli ne kaɗai.

Sani_Farfela: 4,500 da mutum 9, a bakin iyaka ke nan. Ranar buhunan masara zai sake faɗowa ƙasa. Ina nan kan bakana, 15.

Injiniya_Fatakwal: Kafin ya sayi komai, yatsa biyun nan ya kai a ɗaga injin rami ɗaya a jikin allon baya, wataƙila ya samu juyin da Sani ke nema ba tare da ya canja farfela ba. Amma abu ɗaya-ɗaya, in ya canja biyu tare ba zai san wanda ya yi aiki ba. Kuma ruwan nan ta wani wuri ya shiga, a nemo tsagar.

Direban_Ikorodu: Ni ba zan ɗaga ba. Tafki ne mai iska, hunturu na tafe, farfelar da ke kusa da sama za ta yi ta shan iska a cikin igiyar ruwa. Gara ya rasa juyi ɗari.

Abu_Lagdo: Ni ma na matsar da ƙarfena rami ɗaya ciki yau, da kankara da raga a jirgi. Tashi ya yi sauƙi, amma dawowa babu kaya sai hannun injin ya riƙa ja na gefe ɗaya har kafaɗata ta gaji. Wannan kuma mene ne?

Bala_Makanike: Juyin farfela ne ke jan ka, ya fi tsanani in inji na danne. Leƙa ƙarƙashin farantin, akwai wani ɗan ƙaramin kunne da ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Gaya mini wane gefe yake jan ka tukuna, kada ka kwance shi ka juya a makance.